Zan iya shiga dajin Yankari da motata, ni da iyali, ba ɗan rakiya?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa Yankari. Shekarata 11 a Jos, kullum ina wucewa ta tashar Bauchi Road ina ganin ana lodi, amma ban taɓa leƙa wurin ba, har yara sun fara yi min gori. Na yi niyyar kai su in an yi dogon hutu a watan Agusta. Abin da nake so shi ne in shiga dajin da motata. Sienna ce. Ni ke tuƙi, uwargida a gefe, yara uku a baya, in mun ga dabba mu tsaya iya son ranmu, in mun gaji mu juyo. Ba na son a haɗa mu mota ɗaya da baƙin ido, direba yana ta duba agogo. Na ga bidiyon wasu a Afirka ta Kudu haka suke yi, zaki na wucewa ta jikin gilashinsu. Ana barin mutum ya yi haka a nan? Kuma Sienna za ta iya?

Auwal_Gangare:
Wa alaikumus salam. Agusta? Alhaji ai ciyawa za ka kai yara kallo.

DanAlkaleri:
Auwal ya faɗi gaskiya ko da cikin raha ya faɗa. Ni ɗan yankin ne, sana'a ce ta kawo ni kasuwar Katako a Jos. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa kuma yana ko'ina, don haka dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Amma in rani ya kama, tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji, shi ne ya ratsa tsakiyar dajin kuma ba ya ƙafewa. Daga ƙarshen Disamba abin ke fara kyau, Fabrairu zuwa Afrilu kuwa shi ne ganiyarsa, sai dai zafi.

Maganar mota kuma hawa biyu ce. Daga Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka yi dama, ka miƙe har Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki kilomita 40 da 'yan kai ne, a cikin dajin kake, kai ke tuƙa abarka, ba wanda zai karɓe maka sitiyari. Wannan kowa da motarsa yake yi. Amma barin wannan titi ka kutsa ƙananan hanyoyin da ke bin gaɓar kogi, nan kam sai da ɗan rakiya daga cikin ma'aikatan wurin. Ko da motarka ce, zai shigo ya zauna a gaba.

Baban_Ilham:
Na gode @DanAlkaleri. Wato uwargida ta koma baya ke nan. To amma me ya sa dole sai da shi? Ga taswira a waya.

DanAlkaleri:
Wayar da ba sabis? Da ɗan gari akan ci gari, Alhaji.

Injiniya_Gwarinpa:
Bari in sa baki, don na yi irin abin da Baban Ilham ya gani a bidiyo. Aiki ya kai ni Afirka ta Kudu, na yi kwana uku a gandun dajin Kruger da motar haya. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne yadda aka gina wurin domin hakan. Manyan hanyoyin kwalta ne, kowace mararraba da allonta da adadin kilomita, akwai gidajen mai da shaguna a manyan masaukai. Dokar gudu kilomita 50 a kwalta, 40 a burji. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka ware. Akwai lokacin rufe ƙofar masauki, in ka makara tara za ka biya. Kuma motoci na ta wucewa, in ka lalace ba za a jima ba wani zai gan ka. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 19,500, kusan ninki 9 na Yankari ke nan, amma ɓata a cikinsa sai wanda ya so.

Abu na biyu, dabbobin can a gaban mota aka haife su, mota a wurinsu kamar dutse ce mai tafiya. Shi ya sa zaki ke kwanciya a kan titi. Namu na nan sun sha farauta, in sun ji ƙarar inji nesa suke yi. Ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan.

Wahalar da na sha a can ɗaya ce, tuƙin hannun hagu. Duk lokacin da zan sa sigina sai in kunna waifa.

Ummu_Khalifa:
Hhhh Injiniya ka tuna min da maigidana a Landan.

Bakanike_Dilimi:
Ku bar zancen zaki tukuna, a zo kan Sienna, nan ne fannina. Daga Jos zuwa Bauchi, kilomita 130 ko kusa da haka, ta Tilden Fulani, Magama Gumau, Nabordo, ba ta da matsala. Har Wikki ma za ta kai ka lafiya lau. Amma hanyoyin cikin daji ba nata ba ne. Ƙasanta a kusa yake, ga tsawo, ga mutum shida a ciki da kaya. Yawancinsu kuma tayoyin gaba ne kawai ke ja. Ka shiga yashi sau ɗaya, ta zauna a kan cikinta, shi ke nan. In dutse ya bugi kaskon baƙin mai kuwa, to a nan za ta kwana.

In taka mai fowil ce kada ka yi saurin murna, duba ƙasanta da kyau, da yawa daga cikinsu ba sa zuwa da safaya ko kaɗan. Na sha ganin mutum ya shekara uku da mota bai sani ba sai ranar da taya ta yi faci.

Sannan busasshiyar ciyawa da ke tsakiyar hanya, 'ya'yanta suna toshe lagireto, mota ta ɗau zafi. Wadda ta naɗe a jikin salansa kuma tana iya kama wuta. Duk wanda ya shiga daji da rani ya riƙa leƙa ƙasan motarsa in an dawo masauki.

Baban_Ilham:
Maigida ka sa na fita da tocila na duba. Akwai safaya, alhamdulillahi, sai dai ba iska a ciki.

Bakanike_Dilimi:
Ka gani ko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sani_Rikkos:
Ni fa ban yarda da ku duka ba. Mun je da ƙaramar Corolla, muka ɗauki ɗan rakiya, muka zaga kusan awa biyu muka dawo ba abin da ya same mu. Mun ga ɓauna garke guda, mun ga gwambaza, mun ga kada a bakin ruwa. Kada ku tsorata bawan Allah.

DanAlkaleri:
@Sani_Rikkos ai ka faɗa da bakinka, ka ɗauki ɗan rakiya. Shi ya kalli motarka ya zaɓa maka hanyar da za ta iya. Da kai kaɗai ne da yanzu wani labarin muke ji.

Kawu_Bala:
To bari ni in ba ku wani labarin, tunda ya faru da ni. Highlander ce tawa, kuma a lokacin ina ji da ita. Da yamma muka fita ni da abokai biyu da ɗan rakiya, wani dattijo mara yawan magana. Muka zo wani kwari mai yashi, ya ce Alhaji mu zagaya ta sama. Na ce haba Baba, wannan ɗan yashin? Na taka mai. Muna kaiwa tsakiya ta kafe. Na ƙara wuta, taya na juyawa tana haƙa wa kanta kabari. Dattijon nan bai ce min uffan ba, ya sauka ya duba gabas da yamma, sannan ya ce mu fito amma kada kowa ya yi nisa da mota. Shi ya sa muka rage iskar tayoyi, muka tone yashin da hannu da marfin kula, muka jera rassa. Sai gab da magariba muka fita. A hanya yake nuna mana kashin giwa a gefen wurin da muka durƙusa muna tono, ɗanye shar, ya ce ba su fi awa ɗaya da wucewa ba. Tun daga ranar in ɗan rakiya ya ce dama, ko hagu ta fi kyau dama nake yi.

Auwal_Gangare:
Kawu karambanin akuya ke nan, gai da kura.

Maman_Hanif:
Ku maza kuna ta zancen taya da yashi, ba wanda ya gaya wa Maman Ilham abin da zai fi damunta. Gwaggon biri! Ba a cikin daji ba ma, a nan cikin masauki. Mun sauka ke nan ina fito da kaya daga but, na ajiye ledar burodi da kular dambun nama a kan mota na juya in karɓi yaro. Wallahi kafin in waiwayo wani ƙato ya sure ledar ya haye bishiya, yana ci yana kallona kamar ni ce baƙuwar da ta shigo masa gida. Sun san leda, sun san kula, suna murɗa ƙofar ɗaki in ba a sa makulli ba. Kada a ba yaro biskit a hannu a waje, kuma kada a ce za a ba su abinci don a ɗau hoto, haƙoransu ba na wasa ba ne.

Sai ƙudan tsando. Cizonsa kamar allura, kuma yana ratsa yadi mara kauri. Baƙi da shuɗi yake bi. Ni da na je da baƙar abaya na gane kurena. A sa hijabi ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, yara a sa musu dogon hannu da safa.

Baban_Ilham:
Hajiya na miƙa mata wayar ta karanta da kanta. Ta ce a gaishe ki, wai baƙaƙen abayoyinta guda huɗu ta riga ta goge.

Injiniya_Gwarinpa:
Maganar tsando ma hujja ce ga Baban Ilham, in za a yi adalci. Ƙudan yana bin mota mai tafiya. A buɗaɗɗiyar motar wurin kai da shi ne, a Sienna kuwa ka ɗage gilashi ka kunna sanyi. Da ƙananan yara wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sani_Rikkos:
Sai dai a buɗaɗɗiyar kana sama, kana hango bayan ciyawa. A Corolla rabin abin da ɗan rakiya ya nuna mana ƙahonni kawai muka gani. Kuma mai tuƙi ba ya kallon komai sai rami. Ni da na tuƙa, a hotunan wayar matata na ga yawancin dabbobin.

Malam_Nasarawa:
Gyara kaɗan, don na ga a wani wuri ana ta ce masa gandun dajin tarayya. A 1956 aka keɓe Yankari, zamanin Jihar Arewa, aka buɗe wa jama'a a Disambar 1962. A 1991 gwamnatin Babangida ta mayar da shi na tarayya. A 2006, lokacin Obasanjo, Ahmadu Adamu Mu'azu yana gwamna, aka mayar wa jihar Bauchi abinta. Don haka mai neman bayani Bauchi zai tuntuɓa, ba hukumar gandun daji ta ƙasa da ke Abuja ba. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244.

Kuma ina roƙon Baban Ilham kada ya tsaya kan dabbobi kawai. A kai yara Kogon Marshall, ɗakuna 59 da magabata suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren da aka narka tama tun kafin zuwan Turawa. Ɗalibaina da na kai sun fi tuna kogon a kan ɓauna.

Auwal_Gangare:
Malam ya zo da allo. To Malam, zakin fa? Shi Alhaji zaki yake so ya leƙo ta gilashi.

Malam_Nasarawa:
Zakunan da suka rage a dazukan Najeriya a Yankari da Kainji kawai suke, kuma duka an ƙiyasta ba su kai 50 ba. Giwayen Yankari tsakanin 100 da 150, suna cikin manyan garkunan da suka rage mana a ƙasar. Ka raba wannan adadi a faɗin da na faɗa, ka ga ganinsu rabo ne. Kada a yi wa yara alkawarin zaki.

Baba_Tsoho_Bukuru:
Mu da muka je a shekarun 1980 sai dai mu yi shiru. A wata babbar mota aka ɗebe mu daga wurin aiki. Giwaye suka tare mana hanya, muka zauna har muka gaji da ƙirga. Da dare kana kwance kana jin gurnani daga nesa. Na koma da jikoki, kwana biyu muna zagaye, sawu kawai muka samu da itatuwan da suka kakkarya. Ban ce babu ba, akwai, amma an ci amanar dajin nan, mu mutane muka ci. Haure ya ja musu, naman daji ya ja wa sauran.

DanAlkaleri:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne, sai dai in za a faɗa a faɗa duka. Masu gadin dajin suna ƙoƙari, akwai ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ta daɗe tana aiki da su wajen sintiri, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun mafarauta. Sannan ku da ke zuwa kallo giwa abar sha'awa ce a wurinku. Manomin da ke gefen dajin, wanda garke zai shiga gonarsa dare ɗaya ya tashi ba dawa ba masara, shi ba haka yake kallonta ba. Ina da dangi a ciki. Abin ba sauƙi.

Zee_Tudunwada:
Don Allah tambaya, mene ne bambancin gwanki da gwambaza? Ni duk barewa nake ce musu.

Baba_Tsoho_Bukuru:
'Yata, gwanki babba ne kamar doki, fuskarsa da baƙi da fari, kunnuwa dogaye, ƙahonni sun lanƙwasa baya. Shi ake wa kirari da sha bara. Gwambaza gashinsa buzu-buzu, ba ya nisa da ruwa, namijin ne kawai mai ƙaho. Kanki kuma doguwar fuska gare shi, kafaɗa ta fi ƙugu tudu. Mazo ƙarami ne ja mai zanen fari a jiki, shi a duhuwa yake. Wanda za ki fara gani tun a masauki shi ne mugun dawa, yana kiwo a durƙushe, in zai gudu ya ɗaga wutsiya sama kamar eriya.

Zee_Tudunwada:
Na gode Baba. To raƙumin dawa fa?

DanAlkaleri:
Shi sai ki je Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, hanyar Ningi. A can aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006, da jakin dawa.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata ta kuɗi ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke ƙona fetur don ya je kallon biri? Ga gidan namun daji nan a Jos, hanyar Miango, tun 1972 yake. Ka kai yara da safe, azahar kuna gida.

Ummu_Khalifa:
Haba Abu Sumayya. Dabba a keji da dabba a gidanta ai ba ɗaya ba ne. Kuma a Jos ina za ka samu ruwan Wikki? Ruwa garai-garai kana ganin yashin ƙasa, yana ɓulɓulowa daga gindin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Mutumin Jos da ya baro sanyin Janairu ya shiga ruwan nan sai an yi da gaske zai fito. Sai dai a kula da yara, wajen bakin dutsen ya fi zurfi, can ƙasa ne daidai su. Mata kuma a je da sassafe kafin a cika.

Abu_Sumayya:
To a je don wanka, na yarda. Amma a ajiye mota a masauki a hau tasu, kuɗin gyaran Sienna ya fi kuɗin kujera biyar.

Kawu_Bala:
Wani abu da ba a taɓo ba, in Allah ya haɗa ku da giwa kuna cikin motarku. Kada ka danna ham. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ka tsaya a kan hanyar da suka nufo. Tsaya nesa, ka san ta inda za ka fice tun kafin ka fara kallo. In ta buɗe kunnuwa tana kaɗa kai tana watsa ƙasa, sallama take maka, ka yi ribas a hankali. Dattijon nan ya ce min toron da ka ga ruwa na tsiyaya daga gefen kansa, wannan ko kusa kada a je.

Injiniya_Gwarinpa:
Na yarda da duka. Ni dai nakan kashe inji in suna nesa kuma hankalinsu kwance, ƙarar tana damunsu, kuma sai ka kashe kake jin dajin.

Bakanike_Dilimi:
Injiniya motar haya sabuwa ka kashe. Motar da batirinta sai an yi mata addu'a da safe, ka kashe ta gaban giwa? Wa zai sauka ya tura?

Auwal_Gangare:
Uwargida da yara uku mana.

Malam_Nasarawa:
A kuma tsara lokacin salla. Fitar safe bayan asuba ce, ta yamma kuwa a yi la'asar kafin a tashi, don ba a tsakiyar daji za a ce a tsaya a shimfiɗa darduma ba. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗawa. Hanya kuma a yi ta da rana, a bar Jos da hantsi, a sha mai a cika tanki a Bauchi, a riƙe kuɗi a hannu. Kafin ranar a kira mutanen wurin a ji halin da hanya take ciki, zamanin ya canza.

Injiniya_Gwarinpa:
Mu na Abuja ma da za mu biyo ta Keffi da Akwanga mu hau Hawan Kibo, a Jos muke kwana mu wuce da safe. Baban Ilham in ka ɗage zuwa Janairu ka yi min magana, ina da Hilux, mota biyu ta fi ɗaya ko da tura ce.

Baban_Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Agusta dai ta faɗi, mun koma hutun Disamba ko farkon Janairu. Ɗan rakiya ma na sallama, labarin Kawu ya ishe ni. Inda muka tsaya a gida shi ne uwargida ta ce a hau motar wurin don ni ma in ga wani abu ban da rami, ni kuma har yanzu raina na kan in riƙe sitiyari da kaina ko da fita ɗaya ce, mu tsaya inda muka ga dama. Ilham ta ce ita dai a kai ta wajen birin da ya sace burodi.

Sani_Rikkos:
Yi duka biyun mana. Safe tasu, yamma taka. Corolla ta yi, Sienna za ta yi.

Bakanike_Dilimi:
Corolla ba ta kai Sienna tsawo da nauyi ba, Sani. Alhaji kawo ta gareji ranar Asabar in ɗaga ta in gani, ka taho da safayar.

Maman_Hanif:
Baban Ilham, ƙofar Sienna ɗin taku mai buɗewa da kanta ce in an ja hannun? In ita ce a riƙa sa lok ko ana ciki. Na ga gwaggon birin da ya buɗe ƙofar wata Sharon.